Suna Biyu a Gidan Waya

Ku yi shiru, ku matso kusa, ga ta nan tafe. Wannan ba daga bakin kakata na ji ta ba. A kaina ta faru, a nan Gumel, 'yan shekaru bayan an yanka mana jiharmu daga Kano.

Ina da ɗan fari namiji. Ku 'yan yanzu kuna ƙwala wa 'ya'yanku kira tun daga ɗaki har bakin titi, kuna rungumarsu a gaban surukai. Mu ba haka muka tashi ba. Ɗan fari ɗan kunya ne. Ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, in ya faɗi a gaban mutane uwa kau da kai take yi, wata ta ɗaga shi. Da aka yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi zuwa Gagarawa, can ya girma har ya gama firamare, sannan ya dawo mana. Shekara ashirin da bakwai yana duniya sunansa bai taɓa bi ta bakina ba. Yana ƙarami, yaron nan nake cewa. Da ya buɗe shagon gyaran rediyo da talabijin a bakin tasha sai na samu sauƙi, na koma ce masa Mai Rediyo. Haka sunan ubansa. Tun ranar da aka kawo ni gidansa Malam nake cewa, ko maƙwabciya ce ta haifi takwaransa sai dai in ce mai sunan Malam.

Malam hatsi yake sayarwa a kasuwa, gero da dawa da wake, kuma shi ke jan salla a masallacin unguwarmu in liman ba ya nan. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Amma in ya ajiye magana, ko raƙumi aka ɗaura mata ba ta motsawa.

Kowace Alhamis Mai Rediyo yakan tafi kasuwar Maigatari, ya shimfiɗa tabarmarsa kusa da kara, inda ake cinikin shanu, yana gyara wa masu shanu da mutanen Damagaram rediyoyinsu. A can ya haɗu da wasu kaset na bidiyo da ake tsallakowa da su daga Nijar. Ba mutane ne na gaske a ciki ba, zane ne mai motsi, wai mutanen Japan ke zana su. Idanunsu manya-manya kamar faifai, gashinsu a tsaye kamar ƙayar bushiya. Faransanci suke yi, shi kuwa ba ya ji, amma ya san kowa a cikinsu, ya san wanda aka kashe wa uba da wanda ya ci amana. Ƙartin maza masu gemu suna cika masa shago da la'asar suna kallo, wasu har da ihu.

Akwai wani jarumi a cikinsu da ya shiga ransa. Sai kuma ya samu wata mujalla ta Turanci a wajen wani ma'aikacin asibitin dabbobi, a ciki wani kanti na ƙasar Ingila yana tallan siffar jarumin nan, 'yar ƙarama, wai ba ta wuce tsawon tafin hannu ba. Abin da ya ɗaure mini kai, ba a ma ƙera ta ba tukuna. Mutum zai aika da sunansa da kuɗinsa a sa shi a layi. In masu yi a Japan sun gama su aika wa kantin, kantin ya aiko masa. Ya zo ya durƙusa a bakin madafa yana yi mini bayani, idonsa na ƙyalli.

Na ce, ban dube shi ba, "Cinikin biri a sama ke nan."

Ya ce, "Inna, wannan birin zai sauko."

Na ci gaba da tankaɗena. A cikina kuwa daɗi na ji, don ban taɓa ganin yana son wani abu haka ba, kuma duk gidan ni ya zaɓa ya gaya wa.

Bayan wata uku wasiƙa ta zo daga kantin, ambulan mai ja da shuɗi a gefe. Ta zo ba ya nan, ta faɗa hannun ƙanin Malam. Shi wannan masinja ne a kotun Sule Tankarkar, yakan zo mana ƙarshen mako cikin kakinsa mai sitaci. Abokin wasana ne, Masinja nake ce masa, shi kuma ya ce mini matar yaya. A ganinsa duk zuri'arsu babu mai Turancinsa. Bai tambayi kowa ba ya farke ambulan a tsakar gida, Malam yana zaune kan buzu yana shan fura. Ya riƙa bin layi da yatsa, bakinsa na motsi. Can sai yatsan ya tsaya.

Ya ce, "Yaya, ka san abin da ɗanka ya sayo kuwa?"

Malam ya ce, "Karanta."

"Wannan kalmar kullum ina jin ta a kotu. Ita alƙali ke faɗa in za a saki ɗaurarre. Sun ce yanzu yana hannunsu, ba a sake shi ba tukuna. Bayan damina za a sake shi, da an sake shi kuma gidan nan zai yo kai tsaye. Sun ce irinsa kaɗan ne a duniya. Sun ce mai siffar mutum ne. Ga kuma nan ƙasa, sun ce in ya zo ba ya komawa."

Malam ya ajiye ludayi a hankali. Ya ce, "Mene ne ake ɗaurewa, a saka, ya san hanyar gidan mutum, yana da siffar mutum, in ya zo ba ya komawa?"

Masinja ya ɗaga hannu biyu. "Ni dai ban ce aljani ba, ban ce gunki ba. Takarda na karanta."

Daga madafa na ce, "Kai Masinja, Turancin da aka tsinta a bakin ƙofar kotu ai ba a yanke hukunci da shi."

Ya ce, "Matar yaya, ke da in an zana miki alif za ki ce muciya ce, ina ruwanki da Turanci?"

Iyakar abin da na iya ke nan, in caccaki Masinja da sunan wasa. In buɗe baki in ce na san abin, yaron nan ya gaya mini, kayan wasa ne? Uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a gaban ubansa da ƙanin ubansa. Na haɗiye maganar.

Kafin kwana biyu magana ta gama unguwa. Wadda ta fito daga gidanmu da ƙafa biyu ta dawo da huɗu. Wai ɗan Malam ya aika ƙasar waje a ƙera masa gunkin arziki. Ranar da Malam ya shiga gaba zai ja sallar azahar, wani dattijo ya janye daga sahu ya koma gefe ya yi tasa shi kaɗai. Wannan ce ta soki Malam. Ya dawo gida ya sa aka kira Mai Rediyo. Ina bakin rijiyar tsakar gida ina jan ruwa.

Malam ya ce, "Rubuta musu su riƙe abinsu."

Ya ce, "Baba, kayan wasa ne. Na roba ne, ba ya ci ba ya sha."

"Namiji mai shekara ashirin da bakwai, wasa?"

"Baba, ka bari ya zo ka gani da idonka. In ka ga abin ƙi, ka sa ƙafa ka take."

"Na ce ka rubuta."

Yaron nan ya sunkuyar da kai. Tun da yake bai taɓa musa wa ubansa ba. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. In na rubuta, na yarda ke nan abin da ake faɗa gaskiya ne."

Malam ya dube shi. Sannan ya ce, da muryar nan tasa da ba ta hawa ba ta sauka, "Wallahi, ranar da abin nan ya shiga hannunka, ka bar mini gida. Ba ni ba kai."

Igiyar guga ta zame ta ƙone mini tafin hannu. Na ji faɗuwar gugan can ƙasa. Na juya na koma madafa.

Haka muka shiga damina. Uba da ɗa suna gida ɗaya, gaisuwa kawai ke haɗa su. Akushinsu da yake ɗaya na raba shi biyu. Shi yaron ya ƙi rubutawa, uban ya ƙi janyewa, ni kuma ina tsakani kamar hatsi tsakanin dutsen niƙa da ɗansa. Duk ƙararrawar keken da na ji a ƙofar gida sai gabana ya faɗi, don a kan keke wani tsohon ma'aikacin gidan waya yake rabon wasiƙu. Na taɓa roƙon Allah ya nutsar da jirgin da zai ɗauko abin nan. Sai na tuna akwai 'ya'yan wasu a cikin jirgin, na nemi gafara.

Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, sabon hatsi ya fara shiga kasuwa. Wata Alhamis da hantsi ƙararrawar ta buga. Mai Rediyo yana Maigatari, Malam yana kasuwa. Masinja kuwa yana hutun aiki, yana zaune a zaurenmu, shi ya karɓi 'yar takardar kira. Ya shigo tsakar gida yana kaɗa ta.

"Matar yaya, an sako shi! Ya iso, yana gidan waya."

Na ce, "Ba ni in ajiye wa mai ita."

Ya sa ta a aljihu ya danne da hannu. "Ina! Yanzu zan ɗauko Yaya a kasuwa, mu biya wa mai unguwa. Zan tura ɗan acaɓa Maigatari ya zo da shi. Ya karɓi abinsa da hannunsa a gaban shaidu, kowa ya ga ko ni na iya karatu ko ban iya ba."

Ba mugu ba ne Masinja, Allah ya sani. Turancinsa kawai yake son wankewa. Bai tsaya ya auna cewa in yaron nan ya miƙa hannu ya karɓa, rantsuwa ta faɗa kansa ba.

Ya fita. Na tsaya a tsakar gida, tukunyar wake na tafasa a kan wuta. Maganar Malam ta dawo mini kalma-kalma. Ranar da abin nan ya shiga hannunka. Hannunsa ya ce. Bai ce gari ba, bai ce hannun wani ba.

Ban taɓa fita ba da izinin Malam ba. Na ja mayafi na fita.

Na bi ta lunguna don kada in ratsa bakin kasuwa. Gidan waya ban taɓa shigarsa ba, sai dai in gan shi daga nesa. Ɗaki ne mai kanta doguwa, an yi mata raga ta ƙarfe, fanka na juyawa a sama tana ƙara kamar injin niƙa. Mutum ɗaya na tarar, wani tsoho baƙo zaune a benci yana jiran a rubuta masa wasiƙa. A bayan ragar akwai wata mace mai tabarau, da ɗan gicciye a wuyanta, daga jin Hausarta mutuniyar wajen Filato ce. Madam ake ce mata.

Na gaishe ta. Na ce an ce kaya sun zo daga ƙasar waje, na zo karɓa.

Ta ce, "Sannu, Mama. Ina takardar kira?"

Na ce tana hannun wani.

Ta ɗan ɓata fuska. "To, sunan mai kayan?"

Na ce, "Mai Rediyo. Na bakin tasha. Kowa ya san shi."

"Mama, watana biyu a garin nan. Kuma ba a rubuta sana'a a jikin ƙunshi. Huɗu ne suka zo daga waje a motar jiya. Mece ce ke a wajensa?"

Na ce, "A gidanmu yake."

"Ɗanki ne?"

Na dubi siminti. Tsohon nan na benci ya yi 'yar dariya ya ce, "Madam, ɗan fari ne, da gani. Ko yanka ta za ki yi ba za ta faɗa ba."

Madam ta cire tabarau ta dube ni da kyau. Ta ce, "Na ji ana faɗin wannan al'adar. Amma Mama, ba takarda, ba suna, ta yaya zan ba ki kayan mutum? In uwa ce ke zan ba ki, ki dangwala mini yatsa. Sai dai sunan daga bakinki zai fito, cikakke, nasa da na ubansa, yadda yake a rubuce."

Nasa da na ubansa. Duk faɗin duniyar nan suna biyu ne aka hana bakina, su ne aka jera a jikin kwali ɗaya.

Na ce, "'Yata, ki karanto su huɗun. In kin zo kan nasa zan yi tari."

Ta yi dariya, amma ta girgiza kai. "In na karanto, ɓarawo ma ya iya tari. Aikina zai tafi, Mama, ina da 'ya'ya uku."

Na yi tunani. Na ce, "To, sunansa sunan annabin nan ne mai taguwa."

Fuskarta ta washe. "Ah, wannan na san shi! Wanda ubansa ya ɗinka masa taguwa mai ado, 'yan'uwansa suka jefa shi a rijiya." Ta juya ta duba kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Ta dawo. "Babu mai wannan sunan."

Na ce, "Ba taguwar sawa ba. Taguwa matar raƙumi, wadda ta fito daga cikin dutse."

Ta buɗe hannu. "Mama, a littafinmu babu annabi mai raƙumi."

Na juya wajen tsohon, ko zai taimake ni. Ya buɗe baki ke nan Madam ta ɗaga masa yatsa. "Baba, in kai ka faɗa, kai za ka dangwala." Ya rufe bakinsa, ya ce shi wasiƙa ta kawo shi.

A nan ne na waiga ta taga. Can kan hanyar da ta taso daga kasuwa na hango mutum uku. Kakin Masinja a gaba, rawanin mai unguwa a tsakiya, farar hular Malam a baya, yana tafiyar nan tasa ta wanda ba ya sauri kuma ba ya tsayawa. In suka shigo da takarda a hannu, Madam za ta kore ni gefe, su zauna a bencin nan su jira ɗan acaɓa. Yaron nan zai shigo, ya ga ubansa, ya ga kwalin da ya jira wata tara. Na san shi. Zai miƙa hannu.

Na kama ragar da hannu biyu. Na kai bakina kusa, na faɗa.

Madam ta karkato kunne. "Ban ji ba, Mama. Fankar nan. Ɗaga murya."

Na ji takun ƙafa a kan matakala. Na rufe ido na ɗaga murya. Na faɗi sunan ɗana. Na zaci zai fito da ƙyar kamar ƙashi a maƙogwaro, sai ga shi ya fito sumul, ashe kullum ina faɗinsa a ciki ban sani ba. Na biyun ne ya yi nauyi. Na faɗi sunan mijina, tsirara, ba Malam a gabansa, yadda uwarsa ke kiransa yana yaro.

Da na buɗe ido su ukun suna tsaye a bakin ƙofa.

Babu abin da ake ji sai fanka. Mai unguwa ya kau da kai yana gyara rawanin da bai kwance ba. Masinja ya dafe ƙirji ya ce, "La'ilaha illallahu! Matar yaya, me bakinki ya ci yau?" Malam ya tsaya inda yake. Ban iya duban fuskarsa ba, ƙafafunsa na duba, da ƙaiƙayin gero a kan takalminsa.

Madam ba ta san su waye ba. Ta ɗauko kwali, ta buɗe 'yar ƙofar raga, ta kama babban yatsana ta danna a tawada ta danna a littafi. Ta turo mini kwalin. Ba shi da nauyi, bai kai kwanon gari ba.

Na juyo da shi a ƙirjina. Na ce, "Malam, hannunsa ka ce. Ga shi a nawa."

Kafin wani ya yi magana na sa haƙori na yage liƙin, na zazzage kwalin a kan kanta. Da na san abin da ke ciki da ban zazzage ba. Ba mutum ɗaya ne ya faɗo ba, gunduwa-gunduwa ne. Hannu daban, ƙafa daban, gangar jiki daban, kai daban, duk launin toka, kowane a cikin 'yar ledarsa. Wani hannu ya gangara har gaban mai unguwa, yatsunsa a dunƙule.

Masinja ya yi tsalle baya ya take ƙafar tsohon benci. "A'uzubillahi! Kun gani? Daddatsa shi suka yi, sai ya shiga gida ya haɗe kansa!"

Ni kaina na ja da baya. Na ce a raina, na tozarta mijina a gaban mai unguwa don in kawo masa abin tsafi.

Madam ta miƙo hannu ta ɗauki ƙafa ɗaya, ta ƙwanƙwasa ta a kan kanta, ta sansana. Ta ce, "Me ke faruwa ne? Wannan ai kayan wasa ne, ga shi a rubuce a takardar kwastan. Haɗawa ake yi da gam, a shafa fenti."

Masinja ya zaro tsohuwar wasiƙar nan daga aljihu, ashe tun ranar yake yawo da ita. Ya tura mata ta raga, ya nuna kalmar da yatsa. "To wannan fa? Ba sakin ɗaurarre ba ne?"

Ta karanta. Ta toshe baki da hannu, kafaɗunta na rawa. Ta ce, "Baba, wannan kalmar ita ake faɗa in sabon kaya zai fito kasuwa. Ko kaset ne, ko littafi. Cewa suka yi bayan damina kayan za su fito. Nan kuma cewa suka yi in ka saya ba a mayarwa."

Ya ce, "A kotu ba haka take ba."

Ta ce, "To nan ba kotu ba ce."

Mai unguwa ya sunkuya ya ɗauki hannun nan ya lanƙwasa. Ya ce, "Malam, irin robar bokiti ce."

Sai a lokacin Malam ya matso. Ya dubi tarkacen ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Na gani. Ba aljani ba ne. Amma siffa siffa ce, rantsuwa kuma ta riga ta fita, a gaban Allah na yi ta."

Na san abin da yake nufi. Bai taɓa ajiye magana ya dawo ya ɗauke ta ba, ba kuma zai fara a gaban mai unguwa ba. Ko yau ko gobe yaron nan zai nemi abinsa. Tun da bakina ya riga ya ɓalle, na bar shi ya ƙarasa. Na ce, "In sai wani ya bar gidan, wadda ta dangwala ita ta karɓa."

Ya ɗago ya dube ni. Shekara talatin muna tare ban taɓa ganin wannan kallon ba, kuma har yau ban san sunansa ba. Ya daɗe. Sannan ya miƙa yatsa biyu ya ɗauki kan nan, bai fi ƙwallon goriba girma ba, da gashinsa tsaye da manyan idanunsa. Ya juya shi a tafin hannu.

Ya ce, "A karatun da muka yi, siffa a kai take. In babu kai, ita da kututture ɗaya ne." Ya jefa kan a aljihun rigarsa. "Abin da na rantse a kansa mai siffar mutum ne. Wannan tarkacen a ba shi. Mai unguwa, ka shaida."

Mai unguwa ya ce, "Na shaida," da sauri, kamar mai tsoron kada a sake shawara.

Malam ya juya zai fita. Da ya zo daidai ni ya tsaya, bai dube ni ba, ya ce ƙasa-ƙasa, "Kin bar tukunya a wuta?"

Na ce, "Na bari."

Ya ce, "To je ki. Kada ki ƙona mini gida bayan kin ƙona mini suna."

Waken ya ƙone ƙurmus, amma gida yana nan.

Bayan azahar ɗan acaɓa ya sauke Mai Rediyo, ya shigo a firgice. Na tura masa kwalin a bakin madafa, fuskata na wajen murhu. Na ji yana jera gaɓoɓin a kan tabarma, na ji yana girgiza kwalin, yana laluba ledoji. Na ce, "Yana aljihun Malam. Kada ka tambaya." Ya ajiye kwalin. Can ya ce, "Wata tara, Inna." Bai yi godiya ba, ni ma ban jira ba. Ya kwashe ya tafi shago. Da magariba ya dawo ya kwana a ɗakinsa, washegari ma haka.

Ya haɗa jarumin da gam, ya shafe shi da fentin keke, ya tsayar da shi a saman kanta tsakanin matattun rediyoyi, takobi a hannu, wuya a buɗe. Masu kawo gyara sukan tambaya ina kansa, shi kuma ya ce yana wajen ajiya.

Masinja ya yi ritaya ya koma Sule Tankarkar da zama. 'Yan tasha suka laƙaba masa An Sako Shi, sunan ya bi shi har kabari. Har ya rasu yana cewa a kotu ba haka kalmar take ba, kuma da gaskiyarsa.

Madam ta yi shekara uku a Gumel. Da salla ina aika mata nama, da Kirsimeti ta aiko mini shinkafa da kaza yankan Musulmi. Ranar da za ta bar gari ta zo sallama, ta gaya mini abin da ban sani ba. Wai washegarin ranar nan Mai Rediyo ya je gidan waya, ba wasiƙa ya kai ba, ba kaya ya je karɓa ba. Ya tsaya a bakin raga ya ce ta faɗa masa yadda na faɗi sunan. Ta ce masa ba ta iya kwaikwayo ba. Ya ce ko yaya ne ta gwada. Aka mayar da ita wajen Haɗeja, daga nan labarinta ya yanke mini.

Malam ya yi kwana bakwai ba ya ce mini komai sai abin da ya zama dole. A na takwas ya aiko mini da goro fari daga kasuwa. Akushinsu ya koma ɗaya kafin azumi. Dattijon nan ya dawo sahu, Malam ya ci gaba da jan salla har ƙafa ta gaza. Bai taɓa tayar da maganar gidan waya ba. Da ya rasu ana raba kayansa aka sami kan nan a cikin gwangwanin da yake ajiye turarensa, a naɗe cikin ƙyalle. Aka miƙa wa Mai Rediyo. Ya karɓa ya duba, ya mayar cikin gwangwanin ya rufe. Bai manna shi ba har yau.

Shi yanzu furfura ta cika masa gemu, ya bar rediyo ya koma gyaran wayar hannu, 'ya'yansa bakwai. Ni kuwa ga ni, ido ya yi rauni, haƙoran da suka yage kwalin nan sun zube. Gidan da aka ce zai bari, yau shi ne babba a cikinsa, shi ke sauke buhun gero a zaure, ni ina ɗakin gabas ina jin shigarsa da fitarsa. Iyakarta ke nan. In kun ji ta karkace a wani wuri, tsufa ne, ba ƙari ba.